Kafin ka naɗe ledar ɗaki ka kai bola

Makon jiya garwashi ya faɗo daga kaskon turaren wuta a ɗakin uwargidana, ya huda leda, rami bai fi faɗin ƙwandalar dala ashirin ba. Ko hayaƙin bai gama fita ba ta ce, "Malam, sai dai a sayo sabuwa." Na ce ta ba ni kwana ɗaya. Abin da na yi a wannan kwana ɗayan shi ne dalilin rubutun nan, domin ina ganin mun yi sakaci da gyara, alhali aljihunmu bai kai girman kanmu ba.

Kowa ya tuna yadda kaya suka yi tsada da aka rufe iyaka da Najeriya bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. Mu a Maraɗi, da cinikinmu ya jingina da hanyar Jibiya da Ɗan Isa, mun ji a jikinmu. An buɗe iyakar a 2024, amma albashin malami yana nan inda yake. Duk da haka, rami ɗaya ya isa a cire ledar ɗaki gaba ɗaya, a kwashe gado da kabad, a ci bashi.

Gyaran kuwa ba wuya. Ka samo guntun leda mai zane iri ɗaya. In ba a ajiye ragowa ba, yanko daga ƙarƙashin gado, inda ido ba ya kaiwa. Ɗora shi bisa ramin, ka daidaita zanen sosai, ka danne kada ya motsa. Sai ka sa ƙarfe miƙaƙƙe da sabuwar reza, ka yanke sama da ƙasa a lokaci guda, kana bin layin zanen. Sirrin ke nan: tunda yanka ɗaya ne, facin zai zauna daidai bakin ramin, ba rata. Cire ƙonannen, share ƙura tas, shafa gam irin na masu gyaran takalmi a daɓen da bayan facin, ka jira ya fara ɗanko kafin ka manna. Ɗora katako da bulo biyu su kwana. A buɗe taga, a kuma nisanta wuta, don wannan gam yana kamawa nan take.

Wani abu da mutane ba su lura da shi: sau da yawa laifin na daɓe ne. In siminti ya farfashe ko akwai tsakuwa a ƙasa, ƙafar kujera za ta huda ko leda mafi kauri. Cike ramin da siminti, ka bari ya bushe sarai, in ba haka ba danshi zai hana gam kamawa.

Na san hujjar mata, kuma ba ta banza ba ce. Leda tana cikin kayan ɗakin da iyaye suka yi wa ƴarsu, ƙawaye suna zuwa barka da Salla suna kallon ƙasa, ba mai son a ce ɗakinta da faci. Na kuma yarda cewa siririyar ledar nan da zafin Afrilu ya busar har tana karyewa kamar ƙosai ya kwana, ba ta cancanci gam ba. Amma faci mai kyau ba ya nuna kansa. Ƙanwar uwargida ta zo, ta zauna dab da wurin, har ta tafi ba ta gani ba.

Abin da ya fi damuna yana makaranta. Muna da darasin aikin hannu, APP, a tsarin karatun firamare, amma ɗaliban da nake horarwa su zama malamai da yawansu ba su taɓa riƙe reza da nufin gyara wani abu ba. Na kai guntaye biyu aji, na ce kowa ya gwada. Cikin sa'a ɗaya ƴan matan sun fi samarin daidaita zane.

In kuma ledar ta mutu da gaske, don Allah kada a ƙone ta a tsakar gida. Robar PVC ce, hayaƙinta yana ɗauke da guba mai ƙona ƙirji. Tsohuwar ta ɗakin yara, ni rumbun gero na shimfiɗa wa ita kafin damina.