Madannin Tazara: Gyara Kayanka Ba Sauke Mu Raba Ba Ne

Mai karatu, ka yi mini uzuri a yau, domin zan kauce wa manyan batutuwan da suka cika shafukan jaridu, in yi magana a kan wani ɗan abu da tsawonsa bai kai taƙi guda ba. Abin kuwa shi ne dogon madannin nan da ke can ƙasan allon madannai na kwamfuta, wanda masu sana'ar ke kira kibod, wato madannin da babban yatsa ke bugawa domin a bar fili tsakanin kalma da kalma. Ni dai ina kiransa madannin tazara. Nawa ya tanƙware, na kuma miƙar da shi da ruwan zafi da nauyin ƙamus uku. Abin da ya faru a tsakani shi ne dalilin wannan rubutu.

A watan Afrilun bara na manta kibod ɗina a kujerar bayan mota, gilasai a rufe, tun daga hantsi har la'asar. Duk wanda ya san bazarar ƙasar Hausa ya san zafin cikin motar da aka rufe a rana yana iya wuce digiri 60 a ma'aunin Salshiyos. Bayan 'yan kwanaki na rubuta wa wani abokin aikina saƙo cewa na sake duba takardar jarrabawar wani ɗalibi "domin shugaban sashe ya sa ni". Abin da ya isa gare shi kuwa shi ne "domin shugaban sashe ya sani". Jimlar farko tana nufin umarni aka ba ni. Ta biyu tana nufin ni na ƙirƙiro binciken don in kai ƙararsa sama. Sai da aka yi mako guda yana amsa gaisuwata da ƙyar kafin muka gano inda gizo ke saƙar. Ni da na shafe shekaru ina zana jan biro a kan wannan kuskure a takardun ɗalibai, sai ga shi wata 'yar roba ta jefa ni ciki.

Da na kai wa wani mai gyara a kasuwa, ko juya shi bai yi ba, ya ce da ni, "Dokta, ai wannan ba a gyara shi. Ku kawo kuɗi in ba ku sabo, ku huta." Ban ga laifinsa ba, domin irin kibod ɗin da ya saba gani ke nan, wanda a ƙarƙashin madannansa shimfiɗar roba ce guda ɗaya, in ta mutu an gama. Nawa ba irin wannan ba ne. Na gwanjo ne, amma kowane madanni yana da nasa makunni da nasa sifirin, irin ƙirar da kamfanin Cherry ya fito da ita a farkon shekarun 1980 da sunan MX, wadda har gobe ake kwaikwayonta. Irin wannan kibod an ƙera shi ne don a kwance shi, a gyara, a mayar. Ɗan uwansa da kamfanin IBM ya fitar a 1985, mai suna Model M, har yanzu akwai masu aiki da shi bayan shekara 40.

Ya kamata mu fahimci dalilin da ya sa wannan madanni ya fi saura saurin tanƙwarewa. Na farko, tsawo. A mafi yawan kibod tsawonsa ya kai na madannin harafi shida da kwata, wato kimanin milimita 119, alhali makunninsa ɗaya ne tak a tsakiya. Don kada ya karkace idan an buga shi a gefe, sai aka sa masa matokarai biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, aka haɗa su da wata siririyar wayar ƙarfe. Ke nan ƙafafu uku gare shi, kuma dole ne su tsaya a kan layi ɗaya. Da zarar robar ta ɗan lanƙwasa, ƙafafun sun saɓa, sai madannin ya riƙa cijewa, ko ya yi ƙara, ko ya ƙi dawowa sama, ko kuma a buga shi a gefe bugun ya ƙi isa ga makunni. Na biyu, irin robar. Iri biyu aka fi amfani da su, ABS da PBT. Ta biyun ta fi ƙarko, amma ta fi tsukewa yayin da take hucewa bayan an zuba ta a mazubi, shi ya sa wani dogon madannin tun daga masana'anta yake fitowa a lanƙwashe. Masu zubin tukwanen dalma sun san wannan matsala, cewa abin da aka narkar ba ya hucewa daidai wa daida a ko'ina. Saboda haka ne ma wasu kamfanoni kan yi dukkan madannai da PBT, amma su yi na tazara shi kaɗai da ABS.

Ga yadda na bi, ko wani zai amfana. Na cire kibod daga jikin kwamfuta, na ɗaga madannin a hankali daga gefe biyu a lokaci guda, don kada in karya ƙafafunsa. Na ɗora shi a kan madubi, domin madubi ba ya ƙarya wajen miƙewa. Da na danna kusurwa ɗaya, sai ɗayar ta ɗaga, haske kuma yana ratsawa ta ƙarƙashi. Daga nan na duba wayar ƙarfen ita ma, domin sau da yawa ita ce mai laifin, a ɗora wa roba. Tawa lafiyarta ƙalau. Sai na tafasa ruwa, na sauke, na bar shi ya ɗan sarara, na tsoma madannin na 'yan mintoci. Na ciro shi da cokali, na shimfiɗa shi a kan madubin nan da nan, na ɗora ɗan katako mai laushin fuska, na danne da ƙamus uku, na bar shi ya kwana. Da safe ya miƙe, amma da saura, domin roba tana da halin komawa gidan jiya. Na maimaita sau biyu, na bar shi ya bushe sarai, sannan na mayar. Daga ranar zuwa yau bai sake cinye mini tazara ko ɗaya ba.

Sai dai akwai gargaɗi, kada garin gyaran gira a rasa ido. Robar PBT tana jure ruwan zafi sosai, domin sai zafi ya haura digiri 220 take narkewa. ABS kuwa tana yin laushi a wajen digiri 105, wanda bai yi nisa da zafin tafasasshen ruwa ba, don haka mai ita ya yi amfani da ruwan da bai kai tafasa ba, ya kuma bi sannu. Hanya mai sauƙi ta bambance su ita ce, ABS takan yi santsi da ƙyalli idan yatsu sun daɗe suna gogarta, PBT kuwa takan riƙe kaushinta. Kada a kusantar da madanni ga harshen wuta, ko dutsen guga, ko garwashi. Kada kuma a tanƙwara shi da ƙarfin hannu yana sanyi, domin karyewa zai yi.

To, mene ne abin ɗaga murya a nan? A nawa ra'ayin abubuwa biyu ne.

Na farko ya shafi harshenmu. Mutane da yawa sun ɗauka tazara ba komai ba ce, fili ne kawai da babu rubutu. A matsayina na ɗalibin kimiyyar harshe ina cewa tazara tana ɗauke da ma'ana kamar kowane harafi. Ba a haife ta tare da rubutu ba, ƙirƙiro ta aka yi. An daɗe ana rubuta Latin da Girkanci kalmomi a manne da juna, sai a ƙarni na 7 da na 8 marubutan Ayalan suka fara raba su, daga nan al'adar ta bazu a Turai. Lokacin da keken rubutu na Christopher Sholes, wanda ya yi wa rajista a 1868, ya shiga kasuwa a hannun kamfanin Remington a 1874, tazara ta riga ta zama dole, kuma daga tafireta kwamfuta ta gaji dogon madanninta.

Hausa kuwa tana cikin harsunan da suka fi dogara da wannan madanni, saboda yawan gajerun kalmominta. Ɗauki jimlar "ba ni da shi". Haruffa 9 ne, tazara 3. Cire tazara daga "na ba ki" ka ga yadda kyauta ta koma "na baki". "A kan" na wuri daban yake da "akan" na sabo. Hatta sunan jaridar da aka fara bugawa a Zariya a 1939, Gaskiya Ta Fi Kwabo, idan aka manne kalmomi biyu na tsakiya, an kori gaskiya ke nan, an ce ta tafi. Ba don wasa ba magabata suka yi ta zama a kan wannan batu, tun daga ƙa'idojin da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya wallafa a 1912, zuwa Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955, da taron Bamako na 1966, da na Kano na 1972, da na Yamai na 1980. Kaso mai tsoka na abin da aka daddale shi ne inda za a haɗa da inda za a raba. Abin takaici, dubi rubutunmu a yau a Facebook da WhatsApp, kai har da allunan talla da wasu littattafai, sai ka rantse madannin tazarar al'umma gaba ɗaya ne ya tanƙware. Nawa kuskuren na na'ura ne, ruwan zafi ya warkar da shi. Wancan kuwa na sakaci ne, sai koyarwa da kulawar editoci.

Na biyu ya shafi halinmu game da kayan aiki. Mu mutane ne masu gyara tun asali. Muna da masu ɗinkin ƙwarya, da masu faci, da masu nanar bokiti, da masu gyaran rediyo da agogo. Har yanzu wanda ya leƙa kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, ko Computer Village ta Ikeja, zai ga matasa suna tayar da wayoyin da masu ƙera su ma sun yanke ƙauna. Amma a ofisoshinmu da makarantunmu wata ɗabi'a ta daban ta samu gindin zama. Abu kaɗan ya samu na'ura, sai a tura ta sito, a rubuta takardar neman sabuwa. Shiga ɗakin ajiya na kowace ma'aikata ka ƙirga kibod da firinta da ke jibge cikin ƙura, sannan ka tambaya ko an taɓa buɗe ɗaya daga ciki an duba. Rahoton da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2024 ya nuna cewa a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki, kuma abin da aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. A shekarar 2024 ɗin ce Tarayyar Turai ta zartar da dokar da ta ƙarfafa haƙƙin mai saye na a gyara masa kayansa. Su da ke ƙera kayan suna komawa ga gyara, mu da ke sayowa da kuɗin waje muna koyon zubarwa.

Na san za a ce lokacin malamin jami'a ya fi ƙarfin tsayawa a kan tukunyar ruwan zafi, tunda akwai kibod mai araha a kowane lungu. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, kuma ba na cewa kowane abu ya cancanci gyara. Abin da ya ƙone ya ƙone. Amma aikin hannun da na yi duka bai kai sa'a guda ba, sauran jira ne, kuma ina barci aka yi shi. Mai arahar da za a ba ni kuwa, ba a jima ba zan sake komawa kasuwa. Sa'annan akwai ribar da ba ta kuɗi ba. Wanda ya buɗe kayan aikinsa ya ga yadda yake aiki ya daina jin tsoronsa. 'Yata da ta riƙe mini madubi a daren nan, yanzu ita ke cire madannan ta wanke su.

Za a kuma ce zamanin kibod ya wuce, kowa da waya yake rubutu. To, ai a fuskar wayar ma madannin tazara ne ya fi kowane faɗi, kuma kundin digiri, da rahoton kotu, da labarin jarida, har yau a kan kibod ake buga mafi yawansu.

Saboda haka ina kira ga hukumomin makarantu da ma'aikatu da su sa doka cewa ba za a jefar da na'ura ba sai ma'aikacin fasaha ya buɗe ta ya rubuta abin da ya same ta. Ina kira ga masu gyara da su riƙa dubawa kafin su yanke hukunci, domin amanar abokin ciniki ta fi ribar sayar da sabo daɗewa. Ina kira ga abokan aikina malaman Hausa da editocin jaridu da mu ɗauki raba kalmomi da muhimmancin da muke ba haruffa masu lanƙwasa. Shi kuma mai karatu, idan kalmominsa suka fara mannewa da juna, ya fara da ɗora madanninsa a kan madubi. In ya same shi a miƙe, to sai ya nemi littafin ƙa'idojin rubutun Hausa.