Mai Kuɗin Talla Da Alƙalaminka



A shekarar 2015 kamfanin kyamara na Canon, reshensa na Ostireliya, ya zuba kuɗi aka shirya wani shiri mai dogon zango a kan masu ɗaukar hoto, mai suna Tales by Light. Abraham Joffe ne ya ba da umarni. Tashar National Geographic ta fara haska shi, daga baya Netflix ta ɗauka.

Talla ce, babu tantama, kyamara ake son sayarwa. Amma za ka kalli kashi guda har ya ƙare ba a tsayar da kai an karanta maka farashi ba. Abin da ke gabanka shi ne Darren Jew a cikin tekun Tonga, yana bin dabbobin ruwan nan da suka fi giwa girma, yana jiran su juyo yadda yake so. Kyamarar tana hannunsa kamar fartanya a hannun manomi, ba wanda ya ce maka kalle ta.

Ɗaukar hoto ƙiftawa da bismilla ne. To me zai cika minti ashirin? Jira, da tsoron a dawo hannu rabbana. A nan labarin yake, kuma wannan aikin marubuci ne.

Mu dawo gida. Finafinanmu masu dogon zango na YouTube da kuɗin talla suke rayuwa, kuma ni ban ga laifin hakan ba, wanda ya rubuta ma sai ya ci abinci. Abin da ke ƙona min rai shi ne yadda ake cusa tallar. Kishiyoyi na tsaka da cacar baki, sai ɗaya ta ɗauko kwalba ta fara wa'azin magani. Mai kallo ya sa yatsa ya wuce wurin. Mai kaya bai samu ba, labari ya karye, sunanka kuma yana nan a rubuce a farkon fim.

Da wani mai shagon kyamara zai ba ni irin wannan aiki, dattijon mai hoton unguwarmu zan rubuta, wanda waya ta cinye wa kasuwa. Ga shi ranar hawan Daushe yana kutsawa tsakanin dawakai, yara masu waya sun tare masa gaba. Ga uwar amarya ta hana shi cikon kuɗinsa wai hoton bai fito da hasken 'yarta ba. Kyamarar za ta fito a kowace fitowa ba tare da na roƙi kowa ya saya ba.

Sai dai kafin in ɗora alƙalami, zan zauna da furodusa da mai kayan mu rubuta a takarda: sau nawa za a ambaci sunan shagon, kuma a bakin wa. Idan aka bar wannan magana sai an je lokeshan, wanda ya biya kuɗin abinci da man janareta shi zai yanke hukunci.