Kayan taimakon yara naƙasassu: wa zai koya musu aiki da su?

Ƙasarmu Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya a kan haƙƙin naƙasassu a shekarar 2008, kuma a 2019 aka kafa dokar shigar da su cikin al'amuran ƙasa. Wannan abin yabo ne. To amma a gundumomin Ƙonni, Malbaza da Illela ta jahar Tawa, abin da ya kamata a tambaya shi ne: in an miƙa wa yaro kayan taimako, wa zai zauna da shi har hannunsa ya faɗa?

Mu ɗauki rubutun makafi, wanda Louis Braille ya ƙago a Faransa. Ɗigo 6 ne tushensa. Yaro yana huda takarda da tsinke daga dama zuwa hagu, sa'an nan ya juya ta, ya karanta da yatsa daga hagu zuwa dama. Ke nan kowane harafi sai ya san shi ta fuska biyu. Aiki ne na watanni, yana bukatar malami horarre mai haƙuri, kuma yatsan ƙaramin yaro ya fi saurin kamawa. Na'urar ji ta kurame ma haka take: batir na ƙarewa, ƙurar hunturu na toshe ta, abin da ke shiga kunne yana yin kaɗan da yaro ya girma. In ba a nuna wa uwa yadda ake kula da ita ba, ƙarshenta ajiya cikin kwalla.

Makarantar makafi ta Soli Abdourahmane tana Yamai, fiye da kilomita 400 daga Ƙonni. Uwa nawa za ta yarda ta rabu da ɗan shekara 6 zuwa can? Shi ya sa ajin makafi da aka buɗe cikin makarantar gwamnati a Ƙonni, kamar na Tawa, Maraɗi, Damagaram da Agadas, ya zama dabara mai kyau. Sai dai aji guda a birni ba ya kai wa ga yaron ƙauyen Illela, wanda galibi bara ke jiransa.

A ganinmu, kafin a ƙara rabon kaya a gaban manyan baƙi, a fara horar da malami ko da guda a kowane babban ƙauye. A haɗa shi da ma'aikatan lafiya, irin na asibitin Galmi da ke gundumar Malbaza, domin a gano yaran da wuri. Gyaran keken guragu kuwa, masu walda na kasuwar Ƙonni sun isa, in an ba su aikin.