SHARHI: Sin ta buɗe ƙofa, piyar Najeriya ta maƙale tsakanin Mambila da Legas

A watan Yunin 2025 ƙasar Sin ta sanar da shirinta na janye harajin shigar da kaya ga ƙasashen Afirka 53 masu hulɗar jakadanci da ita, ciki har da Najeriya. Manoman piya na tsaunin Mambila a Taraba da na jihar Filato na iya ɗaukar wannan a matsayin albishir. Sai dai janye haraji kaɗai ba zai cika ko kwantena ɗaya ba, domin tarnaƙin da ya daɗe yana riƙe piyar ƙasar nan a gida yake.

Kenya ta nuna yadda hanyar take. Yarjejeniyarta da Sin ta 2019 ta amince da daskararriyar piya kawai. Sai a watan Janairun 2022 aka sa hannu kan ƙa'idojin shigar da ɗanya, kayan farko kuma suka tafi a watan Agustan wannan shekarar, bayan an yi wa gonaki da wuraren tattara kaya rajista, an kuma amince da turara kayan da maganin ƙwari. Tanzaniya da Afirka ta Kudu sun bi sawu. Har yau hukumomin Kenya kan dakatar da fitar da piya ta ruwa idan kaka ta wuce, don kada wadda ba ta ƙosa ba ta ɓata sunan ƙasar. Najeriya ta san ɗacin ɓacin suna: a 2015 Tarayyar Turai ta haramta shigar da wakenta saboda ragowar maganin ƙwari, haramcin da ya ɗauki shekaru.

Matsala ta farko ita ce iri. Kasuwar duniya ta fi neman irin Hass mai kaurin ɓawo, wanda ke jure makonni cikin sanyi a jirgin ruwa. Yawancin piyar gida kuwa daga ƙwallo aka shuka ta, girmanta ba ɗaya ba, nunarta ba ɗaya ba, kuma da ta nuna sai ruɓa.

Ta biyu ita ce hanya. Daga Gembu zuwa Legas tafiya ce ta fiye da kilomita 1,000, yawanci a motocin da ba su da na'urar sanyi, ga shingayen karɓar kuɗi jiha bayan jiha. Kayan gwarin da suka tsira kan faɗa hannun dillalai a kasuwannin Ketu da Mil 12, inda Hausawa ke da ƙarfi, kamar yadda suke da shi a Agege da Alaba Rago. Waɗannan fatake ba baƙin harkar kaya mai saurin lalacewa ba ne. Cinikin goro ne ya kafa zangon Agege, kuma kakanninsu sun iya naɗe goro a ganye su kai shi Kano har gaba da Kano bai bushe ba. Amana da bashi da sanin hanya duk suna da su. Abin da suka rasa shi ne matsuguni tabbatacce.

Alaba Rago ta isa misali. Ta kasance kasuwar dabbobi da kayan abinci a ƙaramar hukumar Ojo, a bakin titin Legas zuwa Badagiri da ke kai wa iyakar Seme, kuma tashoshin ruwan Apapa da Tin Can ba su da nisa sosai da ita. Wuri irin wannan ya dace da ɗakin sanyi da wurin tantance kaya. Amma a watan Mayun 2022 hukumomin jihar Legas suka ba mazauna kasuwar wa'adin kwana 14 su tashi. Ba mai zuba jarinsa a ginin da bai san ko zai kai baɗi ba. Rufe iyakokin tudu daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 shi ma ya koya wa fatake cewa kasuwar maƙwabta na iya rufewa dare ɗaya, duk da yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka da Najeriya ta sa wa hannu a 2019.

Dama dai tana nan. Tun ƙarshen 2023 hare-haren Bahar Maliya suka tilasta wa jiragen da ke ɗaukar piyar Kenya zuwa Turai zagayawa ta kudancin Afirka, alhali jirgin da ya tashi daga Legas ba ruwansa da mashigin Suwez. Sai dai Maroko da Peru ba jira suke yi ba.

Aikin ya rataya a wuyan Abuja. Hukumar killace kayan gona ta NAQS ce za ta nemi yarjejeniyar lafiyar tsirrai da Sin ta kuma fara rajistar gonaki, hukumar NEPC ta haɗa manoma da dillalan Legas, Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari kuma ta zauna da gwamnatin Legas kan filin dindindin ga waɗannan kasuwanni. Dashen Hass da aka yi wa aure na ɗaukar shekara uku zuwa huɗu kafin ya fara 'ya'ya. Duk daminar da ta wuce ba a dasa ba, shekara guda ce aka sallama wa Kenya.