Bi Waya Kafin Ka Zargi Firinta

'Yan'uwa ɗalibai, lokacin da Zungeru take hedkwatar Arewa, daga 1902 zuwa 1916, in wayar tangarahu ta yi shiru, bin ta akan yi har inda ta yanke. A ganina haka ya kamata mu yi wa firinta. In ta ƙi bugawa, mu duba ko wayarta ta zauna sosai, 'yar fitilar bakinta kuma tana ƙiftawa. Sa'an nan mu duba lambarta ta IP, gama bayan ɗaukewar wuta takan sake, kwamfuta kuwa tana ta neman tsohuwar. Maganinsa a ba ta tsayayyar lamba. Mu koya tun yanzu, don gobe ran buga jarrabawa a makarantar ƙauye babu mai gyara sai mu. Ba a fafe gora ranar tafiya.