ZAUREN WAIWAYE: Tsohuwar Bindiga Takarda Ce Ta Ƙarfe

Yau za mu taɓo wani abu da ke jingine a lungun ɗaki a wasu gidajenmu, tun daga Mai Wurno da Shaikh Talha har zuwa hillolin Jazira da na wajen Damazin, wato tsohuwar bindigar gado. Muna nufin 'yar siririyar nan mai ƙaramin baki, wadda ake ja wa sakata da hannu, abin da Larabawa ke kira tirbas, a sa harsashi, a rufe, sannan a harba. Ana ce mata mai lamba 22 saboda faɗin bakinta kashi 22 ne cikin ɗari na inci, kusan milimita 5.6 ke nan.

Mu a nan mun ɗauke ta bindigar korar birai daga gona da harbin zabi. To amma Turawa sun fi yin ta ne don koyon saiti da gasar harbi. Harsashinta da aka fi sani ya fito a Amurka a 1887. Bayan haka, a yaƙin da Ingila ta yi da Turawan Buwa a Afirka ta Kudu daga 1899 zuwa 1902, sai Ingilishi suka ga manoman Buwa sun fi sojojinsu iya harbi nesa ba kusa ba. Wannan ya sa a 1901 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na harbi don ma'aikata, aka ba Lord Roberts shugabancinta, domin talaka ya koyi saiti da harsashi mai araha. A 1906 ma'aikatar yaƙi ta Ingila ta fitar da samfurin wata ƙaramar bindiga mai sakata, kamfanin BSA na Birmingham yana cikin masu ƙera ta.

Masu karatu, ku dubi waɗannan shekaru da kyau. A ranar 27 ga Yuli, 1903, aka yi yaƙin Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada tare da ɗimbin mutanensa, akasarinsu da kwari da baka da mashi a gaban bindiga mai ruwa. A 1906 kuwa ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya iso gaɓar Shuɗin Nilu da waɗanda suka tsira. Ashe lokacin da kakanninmu ke yin hijira daga bakin bindigar Bature, shi yana can gida yana koya wa 'ya'yansa yadda za su ƙara ƙwarewa da ita. Daga baya, a zamanin mulkinsu da ya ƙare a 1956, kayansu iri-iri suka shigo hannun mutanen ƙasa, har da irin waɗannan bindigogi.

A yau a Turai da Amurka akwai mutanen da sha'awarsu ita ce tara waɗannan tsofaffin bindigogi, kamar yadda wasu ke tara kan sarki ko tsofaffin kuɗi. Suna neman Winchester 52 da ta shiga kasuwa a 1920, da Anschütz 54 ta Jamus ta 1954, da Lee-Enfield mai lamba 8, ƙanwar abu ashara da dattawanmu suka sani a hannun askarawa, wadda aka yi don horar da sabbin sojoji da 'yan makaranta. Abin lura shi ne, mai tarawa ba ƙarar bindiga yake saye ba. Karanta ta yake yi. Zai duba lambar da aka buga a jikin ƙarfe ya gane shekarar da aka yi ta. In ya ga bindigogi uku a jingine da juna, ya san tambarin BSA ne. In ya ga alamar kan kibiya, ya san kayan gwamnatin Ingila ne. In ya ga kambi da haruffan BNP, ya san an gwada ta a gidan gwajin bindigogi na Birmingham, wanda aka kafa tun 1813. Wadda kuma ta zo da takardar da ta nuna hannuwan da ta bi, ta fi sauran daraja.

To ina namu? Bindigar tana nan cikin tsumma, tsatsa na cin bakinta, gara na cin ƙotarta, tsohon da ya san labarinta kuma yana gab da tafiya da shi kabari. Wa ya fara mallakarta? A hannun wa ya same ta? Da kuɗin audugar hawasha aka saye ta, ko kyauta ce? In ba a rubuta wannan ba, abin da zai rage wa jikoki guntun ƙarfe ne kawai, wanda dillali zai ɗauka a farashin banza.

Kada wani ya ce sai a kai gidan tarihi a huta. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, ya nuna mana iyakar wannan. An wawushe babban gidan tarihi na Khartum, an kuma taɓa Gidan Halifa na Omdurman inda aka adana makaman zamanin Mahadi, har a 2024 hukumar UNESCO ta yi kira ga 'yan kasuwar duniya da su guji sayen kayan tarihin Sudan. Kayan da aka rubuta bayaninsu aka ɗauki hotonsu, su ake iya ganewa in an gan su a wata ƙasa. Wanda ba shi da takarda kuwa ya tafi ke nan.

Wannan yaƙi ya koya mana wani darasin kuma. Wad Madani ta faɗi a Disamban 2023, Sinja a tsakiyar 2024, kafin soja su karɓe su daga baya, kuma mun ga yadda bindiga a gida kan jawo wa mai ita bala'i maimakon kariya. Mai bincike a kan hanya ba zai tambaye ka ko ta kakanka ce ba. Dokar makamai ta 1986 ma ba ta san gado ba, lasisi ta sani. Kuma kada ƙanƙantar harsashin ta ruɗe mu. Nauyinsa bai kai giram 3 ba, amma yana iya tafiya fiye da kilomita ɗaya da rabi, yana kuma kisa. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Saboda haka ga shawararmu. Da farko babba mai hankali ya buɗe sakatar ya tabbata babu harsashi a ciki, ya zare ta ya ajiye daban, inda yara ba za su kai ba. Na biyu, a kwafi duk lamba da tambarin da ke jikinta, a ɗauki hoto. Na uku, a zauna da dattijon gida a rubuta labarinta daga bakinsa, da boko ko da ajami, a ba ɗan'uwa na wani gari kwafi. Na huɗu, kada a kankare ta da yashi ko a shafa mata fenti, domin tambarin ake gogewa. Ɗan mai a tsumma ya isa. Kada kuma a gwada ta a wurin biki. Na ƙarshe, a bi ta hannun shehun hilla ko omda a je wa hukuma, ko a sami lasisi, ko a miƙa ta a karɓi shaida a rubuce. In ƙarfen ya tafi, labarin yana hannunmu, shi kuwa babu mai ƙwace shi a shinge.

Duk wanda ya rubuta na gidansu, ya aiko mana mu buga, ba sai ya sa suna ba. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya jiƙan magabatanmu. Sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu. Haza wasalam.