Komai Nisan Jifa: Darasin Jirgin Bos Ga Mai Rubuta Labari

Maƙalar wannan makon daga Mungadi take zuwa muku, kuma za ta taɓo abin da wasunmu za su ce wasan yara ne. Muna roƙon a yi haƙuri a karanta har ƙarshe kafin a yanke hukunci.

Mu da muka taso a wannan yanki na Jega, Aliero da Maiyama, da yawanmu mun san 'yar na'urar gem ɗin nan da ake jona wa talabijin, mai ɗan kaset da ake hura wa iska idan ya ƙi kamawa. Mun tsuguna a shaguna da zaurukan mutane muna jiran layi ya zo kanmu. A cikin wasannin da muka buga akwai Super Mario Bros. 3, wanda kamfanin Nintendo ya fitar a Japan a 1988, ya isa Amurka a 1990. Wasan ba shi da wurin ajiye inda ka tsaya, saboda haka da an ɗauke wuta sai ka koma farko. Duk da haka akwai wani mataki da har yau idan muka tuna shi sai gabanmu ya faɗi, wato jirgin bos.

Ga wanda bai taɓa bugawa ba, ga yadda abin yake. Wasan yana da duniyoyi takwas. A bakwai na farko, yaran mugun sarkin nan Bowser sun sace sandunan tsafin sarakuna bakwai, sun mayar da sarakunan dabbobi. A ƙarshen kowace duniya Mario yana shiga fada ya tarar da sarki a wannan hali, sai ya bi ɓarawon zuwa wani jirgin katako mai siffar jirgin ruwa amma yana shawagi a sama, cike da igwa. A duniya ta takwas kuma rundunar ce gaba ɗaya ta fito, tankokin yaƙi da jiragen ruwa da na sama, kafin a kai ga fadar Bowser kansa. Wasu wasannin sun ɗauki wannan salo sun ƙara masa gishiri. A Sonic the Hedgehog 2 na kamfanin Sega, 1992, mataki na kusa da ƙarshe wani ƙaton jirgin yaƙi ne na Dakta Robotnik, daga nan a wuce tasharsa ta sararin samaniya. A Kirby Super Star na 1996 akwai babi guda da kusan dukkansa a kan jirgin abokin gaba ake yin sa.

Ra'ayinmu shi ne, masu ƙera waɗannan wasanni sun fahimci wani abu game da ƙarshen labari wanda yawancinmu muke sakaci da shi. Sun gane cewa wurin da za a yi karon ƙarshe yana da muhimmanci kamar shi kansa karon.

Mu faɗa wa kanmu gaskiya. Littattafai nawa muka karanta a zaurukan WhatsApp da Facebook, muka bi su shafi sittin ko tamanin, wasu har da biyan kuɗi, amma da aka zo ƙarshe sai aka gama da mugu a layi biyar? Ko ya yi haɗarin mota, ko ya haukace ya shiga bola, ko 'yan sanda su faɗo daga inda ba a sani ba. A littattafan yaƙi kuwa, sai jarumi ya isa wata fada mai ƙofofi dubu da ba a taɓa ambatarta ba tun farkon littafi, ya sare aljanu kamar yana yankan gero, shi ke nan. Mu ma mun rubuta irin wannan, ba wani muke nuna wa yatsa ba. Mai karatu ya ba mu lokacinsa da datarsa, mun sallame shi da ƙarshen da ba mu yi masa tanadi ba. Irin wannan ne ke sa ya ga sabon littafinmu ya wuce.

To me jirgin bos yake yi wanda ba mu yi?

Abu na farko, an sanar da kai shi tun da wuri. A wasan Mario tun duniya ta farko ka hau jirgi, ka ji amon kiɗansa mai tsoratarwa, ka ɗanɗani igwarsa. Kowace duniya jirgin yana ƙara tsawo da wahala. Lokacin da ka iso ta takwas, ba sai an yi maka bayani ba, jikinka ya riga ya san abin da ke gaba. Bahaushe ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Idan a gidan gonar mugu za a ƙare labarinka, to mai karatu ya hango katangar gidan tun babi na biyu, ya ji ana raɗe-raɗin abin da ake yi a ciki a babi na shida, ya ga wani ya shiga bai fito yadda ya shiga ba a babi na goma.

Abu na biyu, jirgin ba ya jiran kowa. A yawancin sauran matakai kai ke da iko da tafiyarka, kana iya tsayawa ka huta, kana iya komawa baya. A kan jirgi kuwa hoton da kansa yake tafiya, yana tura ka gaba ko ka shirya ko ba ka shirya ba. Ƙasa ta yi nisa, babu inda za ka dira. A babin Kirby da muka ambata har agogo aka sa yana ƙirga maka lokaci. Wannan shi ne abin da babinmu na ƙarshe yake rasawa. Jarumarmu tana iya zuwa gidan mugu yau, tana iya bari sai bayan sallah, babu abin da zai canja. Idan babu abin da ke matsa wa jarumi, babu abin da zai hana mai karatu ajiye waya ya kwanta.

Abu na uku, ana raba jarumi da abin da ya dogara da shi. A wasan Sonic, abokinsa Tails ne ya ɗauko shi a ƙaramin jirginsu, amma suna isa sai aka harbo jirgin, Sonic ya shiga shi kaɗai. A matakin ƙarshe kuma babu ko zobe ɗaya daga cikin zobban da ke kare shi, taɓawa ɗaya ta isa ta kashe shi. Mu kuwa a daidai nan ne muke ƙara wa jarumi gata, sai ga wani kawu mai kuɗi ya dawo daga Turai, ko wata laya da ba a taɓa jin labarinta ba. Ai a ƙarshe ne ya kamata a ga mutum tsiraransa, a san abin da ya rage masa idan an cire uban gida da dukiya.

Abu na huɗu, wurin yana bayyana halin mai shi. Jirgin da ke cikin wasan Kirby a goshinsa an ƙera siffar fuskar mai shi, ga girman kai a fili. Yayin da Kirby yake lalata shi ɓangare bayan ɓangare, kana karanta hirar ma'aikatan jirgin, daga cika baki har zuwa ruɗewa, har jirgin ya faɗa teku. A karon ƙarshe na Mario kuma, Bowser tsalle yake yi ya diro da dukkan nauyinsa don ya murƙushe Mario, duk dirowa yana fasa daɓen da yake tsaye a kai, har ya huda rami ya faɗa ciki. Ƙarfinsa ne ya ci shi. In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Haɗarin motar da muke jefa wa mugu ba shi da alaƙa da halinsa, kowa ma yana iya yin haɗari. Faɗuwar da ke gamsar da mai karatu ita ce wadda mugu ya gina da hannunsa.

Mun san akwai masu ja. Wani zai ce me ya haɗa adabin Hausa da wasan yaran Japan? Amsarmu ita ce wannan hikimar ba baƙuwa ba ce a wurinmu, tunatar da mu kawai wasan ya yi. A labarin Bayajidda, macijiyar Daura ba a wani daji mai nisa take ba, a cikin rijiyar Kusugu take, ta hana mutane ruwa sai ranar Juma'a. Wurin karon shi ne ainihin abin da ake rikici a kansa. A tarihi, Alƙalawa ba a rana ɗaya ta faɗi ba, an kai mata hari an koma kafin a ci ta a 1808, shi ya sa faɗuwarta take da nauyi a bakin masu ba da labari. Ganuwar duwatsu ta Surame har yau tana gaya wa mai kallo irin sarkin da Kanta yake. Ko tashi sama ma ba sabon abu ba ne a rubutunmu, tun 1969 Umaru Dembo ya ɗauki yaro ya kai shi sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya. Kuma mu tuna, ƙannenmu da muke so su karanta mu da gem a hannu suka girma. Sun saba da ƙarshen da aka gina da kyau, za su gane wanda aka yi wa aikin gaggawa.

Akwai wata hujjar da ta fi wannan ƙarfi, kuma mun yarda da rabinta. Jirgin bos yana nuna mugunta a matsayin abin da ke zuwa daga sama, daga waje, abin da za a harbo sau ɗaya kowa ya huta. Rayuwarmu ba haka take ba. Mugun labaranmu sau da yawa a cikin gida yake, waziri ne a fada, ɗan uwan uba ne da ya danne gadon marayu, amini ne da ake ci a kwano ɗaya. Irin wannan ba a harbo shi, kuma bayan an tona masa asiri za a ci gaba da haɗuwa da shi a wurin suna da jana'iza. Wannan gaskiya ne, shi ya sa ba mu ce a kwaso jirgi a dasa shi a fadamar Jega ba. Kayan aro ba ya rufe katara. Abin da za mu ɗauka shi ne aikin da jirgin yake yi, sannan mu nemi abin da zai yi wannan aikin a ƙasarmu.

Bari mu gwada da misalin da muka ƙirƙira. A ce wani dillali ya karɓi albasar manoman ƙauye bashi, irin albasar da Aliero ta yi suna da ita, da alƙawarin zai biya idan ya dawo daga Kudu. Shekara biyu yana haka, kullum da labarin asara. Jaruminmu yaro ne da mahaifinsa ya sayar da gona saboda wannan bashin. Tun babin farko mai karatu ya ga tirelar dillalin tana wucewa da dare, an rubuta kirarinsa a jikinta, yara suna bin ta da gudu. A babin ƙarshe yaron ya samu shiga a matsayin yaron mota, don ya ga da idonsa nawa ake sayar da kayan. Mota ta bar Jega ta kama hanyar Koko da Yawuri. Ba zai iya sauka ba, bai san kowa a hanya ba, wayarsa ta mutu, kuma dillalin da ke zaune a gaba ya fara kallonsa kamar ya san fuskar. Albasa ba ta jira, kowace awa ta jinkiri asara ce, don haka dillalin ba zai iya tsayawa ya rabu da shi yadda yake so ba. Kuma saboda haɗama ya yi lodin da ya wuce ƙima, ya ƙi biyan direba haƙƙinsa na tafiyar baya. Ga jirgin bos nan a kan kwalta. An sanar da shi tun farko, yana tafiya ba ya jira, ya raba jarumi da kowa nasa, kuma abin da zai kayar da mai shi yana cikin halinsa. Ba a buƙatar aljani ko ɗaya.

Mai rubuta labarin soyayya ko na zaman gida ma yana da nasa. Motar kai amarya da ta riga ta tashi, zauren da ake rabon gado bayan an tara dangi, kwale-kwale a tsakiyar kogi lokacin da ruwa ya cika, ɗakin asibiti da dare ɗaya ya rage. Duk wurin da ba a iya fita, lokaci yana tafiya, kuma mugu yana ganin nan ne ya fi ƙarfi, ya isa.

Shawararmu ga kowa a wannan makon ita ce, kafin ka rubuta shafi na gaba na littafin da ke hannunka, tsaya ka rubuta wurin da zai ƙare, ko da sakin layi biyu ne. Ka tambayi kanka: mai karatu ya taɓa ganin wurin nan? Me zai hana jarumi juyawa ya koma gida? Me aka ƙwace masa kafin ya shiga? Wane hali na mugun ne zai fasa daɓen da yake tsaye a kai? Idan ka rasa amsar biyu daga ciki, labarin bai shirya ƙarewa ba tukuna, kuma gara ka gane haka yanzu da mai karatu ya gane maka.

Wanda ya rubuta nasa ya kawo mu duba tare, wanda yake ganin mun yi kuskure kuma ƙofa a buɗe take, da hujja ake gyara rubutu. Allah Ya ƙara mana basira, Ya yi wa alƙalumanmu albarka. Sai mako mai zuwa idan Mai Duka Ya kai mu.